Abin da Rediyon Bai Ɗauka Ba

Zuwa ga Yayana Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, tare da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ne Nasiru, autan Inna, nake rubuto maka daga Doha. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Zan dai saka ta a shafina, waɗanda suka san ka su karanta, waɗanda ba su san ka ba su ma su sa ka a addu'a. Shekara bakwai ke nan da rasuwarka, kuma sai yau na iya zama in yi maka magana ba tare da fushi ba.

Fushin kuwa da kai nake yi, Yaya, kuma zan gaya maka dalili.

Bari in fara da inda nake, tunda ka tafi ka bar ni ina zaman kashe wando a Funtuwa. Yanzu direba ne ni a wani kamfani da ke ba manyan otal motoci. Ina zaune a Matar Ƙadim, unguwar tsohon filin jirgi, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Duk faɗin Doha an rasa inda za a ajiye ni sai unguwar da aka raɗa wa sunan filin jirgi, ni da ko ƙarar jirgi ba na ƙaunar ji. Da kana nan da ka yi mini dariya har ka riƙe ciki.

Saboda masu karantawa zan faɗi aikinka, ka yi haƙuri in na kwafsa. Kai sojan sama ne mai gwajin jirgi. In an kwance jirgin yaƙi an yi masa babban gyara, ba mai hawansa sai kai ka fara tashi da shi, ka juya shi, ka wahalar da shi, ka ga ko zai nuna wani hali. Kana sama kana karanto abin da agogunan gabanka suka nuna, abokinka Oga Yakubu yana ƙasa a ɗakin rediyo tare da injiniyoyi yana rubutawa. Inna ba ta taɓa yarda da aikin nan ba. Kullum ka zo hutu sai ta ce, “Su da suka gyara abin, me ya hana su hawa?”

Ka sha gaya mini cewa a ƙasashen da ke da kumbo, daga cikin masu irin aikinka ake zaɓen 'yan sama jannati. Da dariya kake faɗa, amma na ga tarin littattafan da ke gefen gadonka a bariki, na san ba wasa ba ne har cikin ranka. Ni kuwa sai in ce ka fara tayar mana da tsohon babur ɗin Baba kafin ka tafi wata. Ba ka taɓa jin haushi ba.

Ranar sadakar ukunka Oga Yakubu ya zo cikin kaki. Ya cire hula, ya durƙusa gaban Inna a tsakar gida, mata cike da tabarmi. Ya ce yana so ta san irin ɗan da ta haifa. Ya ce da jirgin ya ƙi jin sarrafawa muryarka ko rawa ba ta yi ba, kana ta karanto musu nisanka da ƙasa, da gudun jirgin, da abin da ka gwada ya ƙi, har zuwa ƙarshe. Ya ce da abin da ka karanto aka gano matsalar, aka dakatar da sauran jiragen irinsa kafin wani ya sake hawa.

Inna ta bari ya gama tsaf. Sannan ta ce, “Yakubu, ya yi kalmar shahada?”

Shi kuwa mutumin da ya yi shekaru aikinsa shi ne ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ba ƙari ba ragi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajiya, ban ji ba. Amma...” Ban bari ya ƙarasa ba. Ka san ni da zuciya. Na ci kwalarsa a gaban jama'a, na ce ya zo ya ƙarasa ta ne ita ma? Na tura shi har zaure, hularsa ma sai wani ne ya bi shi da ita.

Kafin magariba magana ta gama unguwa. Ba a faɗa a gabanmu, amma tana dawo mana: wai Bashir ya cika da Turanci a bakinsa. Waɗanda ba su taɓa hawa ko tsani ba su ne suka fi kowa sanin yadda ya kamata mutum ya mutu a sama.

Liman ya zo ya zauna da Inna, ya yi mata bayanin darajar wanda ya rasu a irin wannan hali yana kan aikinsa. Ta saurara, ta yi godiya, ta sa aka kawo masa ruwa, amma maganar ba ta shige ta ba. Ta sauke hotonka daga bango. Ta daina zuwa suna da biki. Ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis ba fashi, duk da likita ya hana ta saboda ciwon suga. Kuma duk hirar da za mu yi, komai daɗinta, a wuri ɗaya take ƙarewa: “Nasiru, kana ganin ya samu ya yi?” In ce, “Insha Allahu, Inna.” Ni da ita duk mun san faɗa kawai nake.

A nan fushina ya samo asali. Kai ne kake yayyafa mini ruwan randa in na ƙi tashi sallar asuba. Kai ne ka koya mini tahiya da rankwashi. Sai a ce a lokacin da ya fi kowane lokaci, lambobi ne suka zo bakinka? Na ce aikin nan ya cinye ka har ka manta da mu, ka manta da abin da aka raine mu a kai. Mutane sun ɗauka neman abinci kaɗai ya kawo ni ƙasar nan. Har da gudun tambayar Inna, ita kuwa ta biyo ni ta waya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Watan jiya shugaban direbobinmu ya kira ni ya ce, “Yalla, maza Nasir, babban baƙo ne, kwana uku kana tare da shi, ka wanke mota da kyau.” Na je otal na tarar da wani tsohon Bature, kansa fari fat, yana dogara sanda. An gayyato shi ne ya yi wa ɗalibai jawabi. Na buɗe masa ƙofa, sai ya ƙi shiga. Ya zagaya motar a hankali, ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan sunkuya ya leƙa ƙarƙashi duk da ciwon gwiwarsa, sannan ya shiga ya zauna.

Mutum ɗaya na taɓa gani yana yi wa mota haka, kai ne. Muna hawa titi na kasa haƙuri na tambaye shi ko matuƙin jirgi ne. Ya yi dariya ya ce wa ya tona masa asiri? Ya ce ya tuƙa jirgin yaƙi, ya yi gwajin jirage, daga baya ya je sama jannati, amma yanzu babban aikinsa shi ne neman inda ya ajiye gilashinsa.

Yaya, hanyar nan da kake ba ni labari ina yi maka tsiya, ga mutumin da ya bi ta har ƙarshe a kujerar bayana. A kwana ukun nan ya ba ni labarinsa gutsi-gutsi, tsakanin wannan danja da waccan. Tun yana saurayi ya shiga soja. Aka tura shi makarantar masu gwajin jirgi, ya yi shekaru a wani sansani cikin hamada yana tashi da jiragen da ba wanda ya taɓa hawa. Ya ce a shekarun nan ya fi halartar jana'iza fiye da ɗaurin aure. Sau biyu yana neman aikin sama jannati ana ƙin ɗaukarsa, a na uku aka kira shi. Ya sake zama ɗalibi da furfurarsa, ya jira layi ya zo kansa, sannan ya yi watanni a tashar da ke kewaya duniya.

Ya ce da ya dawo ko tsayuwa ba ya iyawa, sai da aka riƙe shi. A satin farko ya sha shayi ya saki kofin a iska, don ya saba a can abu yana tsayawa inda ka bar shi. Matarsa ta share fasassun kofi uku kafin ta koma ba shi na roba.

Abin da ya ba ni dariya, mutumin da aka ɗora a kan tankin mai aka cinna wa wuta ta ƙasa, shi ne yake ƙanƙame hannun ƙofa duk lokacin da wata jibgegiyar mota ta zo bayanmu tana haska mana fitila mu ba ta hanya. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mu nan kullum gwaji muke yi.

Rana ta uku ya gama jawabinsa da wuri, ya ce yana so ya taka yashin da ya sha gani daga sama. Muka bi ta Misaimir, na tsaya gaban mai shayi na danna hon aka kawo mana shayin karak kofi biyu, muka wuce Wukair har gidaje suka ƙare. La'asar ta yi, na roƙe shi minti biyar, na shimfiɗa darduma a gefen mota. Da na idar na same shi a tsaye ya cire hularsa yana jira.

Ban san abin da ya kwance mini baki ba. Ko abokan ɗakina ban taɓa gaya wa yadda ka rasu ba, amma muna komawa mota na kwashe komai na faɗa wa baƙon da ba zan sake gani ba. Na gaya masa aikinka, da zuwan Oga Yakubu, da tambayar Inna, na yi masa bayanin abin da kalmar ƙarshe take nufi a wurinmu iya Turancina. Har na ce masa ban gane wane irin horo ne ake yi muku da zai sa mutum ya ga mutuwa ya tsaya karatun agogo ba. Da zafi na faɗa, kamar shi ya koya maka.

Bai ji haushi ba. Ya tambaye ni ko an samu na'urar da ke naɗar sauti a cikin jirgin, na ce an gaya mana babu abin da aka samu sai abin da aka ji ta rediyo. Sai ya matso gaba, ya kama hannuna ya ɗora babban yatsana a kan sitiyari. Ya ce, “A jirgi, daidai nan akwai maɓallin rediyo. In ka danna, na ƙasa suna jin ka. In ka saki, ko ihu kake ba mai ji. Abu na farko da ake koya mana shi ne kada ka danna sai da maganar da za ta amfani wanda zai hau jirgin a bayanka.”

Ya ce shi ma jirgi ya taɓa juyewa da shi yana wulwulawa zuwa ƙasa. Ya danna ya karanto lambobi. Ya saki, ya kira sunan mahaifiyarsa, ya yi addu'ar da ta koya masa yana ƙarami. Ya sake dannawa ya ci gaba da karatu, har Allah Ya sa jirgin ya daidaita. Ya ce har yau ana kunna wa ɗalibai muryarsa ta ranar don su ga yadda natsuwa take. “Rabin da ban danna ba, matata kaɗai ta sani, sai kai yau. Ka je ka tambayi mutumin da ke ƙasa yaushe wanka ya saki maɓallin.”

Na kifa kaina a kan sitiyari. Tsohon nan bai ce mini in yi haƙuri ba, ya zauna da kofinsa har na iya tayar da mota. Washegari na kai shi filin jirgi, ya girgiza hannuna da hannu biyu ya shige.

Sai da na yi sati biyu kafin in nemo lambar Oga Yakubu wurin wani tsohon abokin aikinku, na kuma yi wani satin ina kallon ta. Don akwai abin da ban gaya maka ba tukuna. Bayan korar da na yi masa, sau biyu yana dawowa gidanmu, ni kuma ina tare shi a zaure ina ce masa Inna ba ta nan. Ranar wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, Alhassan, ɗan Zongon Kumasi da muke ɗaki ɗaya, ya gaji da zaryar da nake yi tsakanin gado da ƙofa. Ya ce, “Kai Nasiru, kira mutumin nan, khalas, a wuce wurin. Waya ba ya cizo.”

Ya yi ritaya yanzu, muryarsa ta tsufa. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce, “Bar wannan, Nasiru. Ɗan uwanka ne ya mutu. Ni ma da na iya magana da ban fara da inda na fara ba.” Na tambaye shi me ya sa bai aiko ko da takarda ba. Ya ce ya ɗauka gidan ba a son jin sunansa, kuma soja in an ce masa ya fita, fita yake.

Sannan ya ƙarasa maganar da na katse. Ya ce da ka karanto lamba ta ƙarshe, sai ka sauya harshe ka ce da Hausa, “Yakubu, ka samu?” Ya ce, “Na samu.” Sai ya ji ɗan ƙaran nan da rediyo ke yi in an saki maɓalli. Ba jirgin ne ya katse ka ba, kai ka saki da kanka. Daga nan shiru, har zuwa lokacin da aka hango hayaƙi. Kuma da yake rubuta lokaci aikinsa ne, ya san tsawon shirun nan daidai.

Ya ce ya sha ajiye agogo a gabansa yana gwadawa da bakinsa, ba da sauri ba, yadda mutum zai faɗe ta a natse. Kalmar shahada tana shiga har sau uku. Ya ce, “Ban ji ba, kuma ba zan taɓa cewa na ji ba. Amma wannan shi ne abin da na zo in gaya wa Hajiya.”

A ranar na kira Inna, bayan la'asar ɗinsu. Ka san yadda take riƙe waya, goshinta kawai nake gani da gefen ɗankwali. Na fara da laifina. Na gaya mata cewa Yakubu ya dawo sau biyu ni na hana shi shiga. Ta ce ta sani, ta ji muryarsa a zaure duka biyun. Na ce to me ya sa ba ta ce a shigo da shi ba? Ta ce, “Ni ma tsoron abin da zai ƙarasa nake yi.”

Na rasa yadda zan yi mata bayanin maɓalli, sai na tuna saƙon murya da take aiko mini. Na ce mata rediyonku ma haka yake: in ta danna tana magana yana ɗauka, in ta ɗaga yatsa ya tsaya, abin da ta faɗa bayan nan ba ya zuwa wurina. Ta ce ta gane. Na gaya mata sauran kamar yadda aka gaya mini, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don na gaji da yi mata ƙari.

Ta gyara zaman ɗankwalinta. Can ta tambaye ni ko kai ka ɗaga yatsan da kanka. Na ce kai ka ɗaga. Ta ce, kuma ka samu lokaci? Na ce ka samu, har da saura. Sai ta ce, “To in dai ya samu lokaci, na san abin da na haifa.” Daga nan ta yi kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da aka kawo labarinka, ni ma na taya ta, kowa da wayarsa a hannu.

Yaya, ba wanda ya ji abin da ka faɗa a shirun nan sai Wanda ka faɗa wa, kuma ba zan yi da'awar na sani ba. Abin da na sani shi ne ka sauke haƙƙin mutanen da za su hau jirgin a bayanka, ka tabbatar an rubuta, sannan ka keɓe. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da kai shekara goma sha biyar, ni ne na ɗauki maganar 'yan unguwa na bar abin da na sani game da kai. Kuma da hannuna na tsare ƙofar da sauƙin Inna zai shigo, har shekara bakwai ta tafi, ga jikinta ya tafi tare da su. Wannan ba zan iya mayar mata ba. Ka yafe mini.

Ya Allah Ka jiƙan Bashir, Ka karɓi abin da ya faɗa a bayyane da wanda ya faɗa a ɓoye, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Baba a cikin rahamarKa. Ka saka wa Yakubu da alheri bisa gaskiyarsa da haƙurinsa. Ka ba Inna lafiya da sauran kwana masu sanyi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka ba mu lokaci, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Naka, mai kewarka kullum,
Ƙaninka Nasiru,
Matar Ƙadim, Doha.